Ƙwai da kolestarol: wai da gaske gwaiduwa tana toshe jijiyar zuciya?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙon murya biyu ne ke ta yawo a WhatsApp. Ɗaya na cewa duk wanda ya haura arba'in ya bar cin gwaiduwar ƙwai, wai tana daskarewa a jijiya ta kawo bugun zuciya. Ɗayan kuma na cewa Turawa sun janye maganar, ko kiret za ka tashi da shi babu komai. Likitocinmu da masana abinci na wannan zaure, a warware mana. Lissafi muke so, ba "an ce" ba.

Dakta Bakano:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Duka biyun sun wuce gona da iri.

Ƙwan kaza babba, mai nauyin giram 50, yana ɗauke da kolestarol, wato wani sinadari mai kama da kitse, kimanin miligiram 186, kuma dukkansa a gwaiduwa yake, farin ba shi da ko ɗigo. To amma gwaiduwa ba ta zarcewa daga ciki ta faɗa jijiya kamar yadda man shanu ke daskarewa a kwano. Hanji yana tsotse wajen rabin kolestarol ɗin abinci ne kawai, sauran ya bi bayan gida. Kuma jikinka da kansa yana ƙera wajen miligiram 800 zuwa 1,000 kowace rana, a hanta da sauran sassan jiki, ko ka ci ƙwai ko ba ka ci ba, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da ruwan matsarmama, da sinadaran maza da na mata, da bitamin D. Idan na abinci ya ƙaru, hanta takan sassauta nata aikin. Ba ta rama duka ba, amma tana rama kaso mai yawa.

Abin da ke toshe jijiya shi ne LDL, wato nau'in kolestarol na jini da ake kira "mugu", idan ya yi yawa a jini shekara da shekaru. Yana kutsawa ƙarƙashin shimfiɗar jijiya, ya lalace a can, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su maƙale, a hankali wurin ya yi tudu. Ranar da tudun ya tsage jini ya dunƙule a kansa, nan ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Don haka tambayar ita ce: ƙwai yana ɗaga LDL da nawa?

Maman Sadiq:
Na karɓa daga nan Dakta. Gwaje-gwajen da aka ciyar da mutane aka auna jininsu sun nuna kowane ƙarin miligiram 100 na kolestarol a rana yana ɗaga LDL da kamar 2 zuwa 5 mg/dL, wato ma'aunin da ake rubutawa a takardar gwajin jini. Ƙwai ɗaya kullum ke nan zai ƙara 4 zuwa 9. Wanda LDL ɗinsa yake 95 zai koma wajen 100. HDL, wato nau'in da ake kira "mai kyau", shi ma yakan ɗan hau tare da shi.

Asalin tsoron kuma tsoho ne. A 1913 Nikolai Anichkov a birnin San Fitasbag na Rasha ya ɗura wa zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka yi tudu. Gaskiya ya gano, amma zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai san yadda zai yi da irin wannan abinci ba. A 1968 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ce kada a wuce miligiram 300 a rana, kada a wuce gwaiduwa uku a mako. Wannan ƙa'ida ce ta zagaye duniya har ta shigo littattafan makarantunmu. A 2015 gwamnatin Amurka ta cire iyakar 300 daga jagorar abincinta. Abin da mai saƙon murya na biyu ya ji ke nan, ya ƙara masa gishiri.

Malam Famasis:
Hajiya, a ƙarasa karatun. Takardar ta 2015 da ta cire lambar ita ce kuma ta ce mutum ya rage kolestarol na abinci gwargwadon iyawarsa. Lambar aka cire, ba a wanke abin tas ba.

Kuma ban yarda a wuce binciken 2019 ba. Masana a Jami'ar Northwestern sun haɗa bayanan Amurkawa 29,615 da aka bibiya tsawon kimanin shekara 17 da rabi, aka buga a mujallar JAMA. Kowane ƙarin miligiram 300 a rana ya zo da ƙarin kashi 17 cikin ɗari na cututtukan zuciya da jijiya. Kowane rabin ƙwai a rana, ƙarin kashi 6. Wannan ba maganar bakin kasuwa ba ce.

Maman Sadiq:
Ba wanda ya wuce shi Malam. Amma ka duba yadda aka yi shi: sau ɗaya tak aka tambayi mutanen abin da suke ci, a farkon bincike, sannan aka jira shekaru goma sha bakwai, wasu har talatin. Wa ke cin abin da yake ci shekara ashirin baya?

Ka ajiye shi gefen na Harvard. A 1999 sun bibiyi ma'aikatan lafiya sama da 117,000, ba su ga ƙarin haɗari ba har zuwa ƙwai ɗaya a rana. A 2020 suka sake a mujallar BMJ da mutum sama da 215,000, tsawon shekara har 32, kuma su suna maimaita tambayar abinci bayan 'yan shekaru. Sakamako bai canja ba. Suka haɗa da sauran binciken duniya, mutum wajen miliyan 1.7, nan ma haka.

A Sin kuma labarin juyewa ya yi. Binciken Kadoorie na 2018, mai mutum kusan rabin miliyan, ya nuna masu cin ƙwai kullum haɗarin fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa ya ragu musu da kashi 26 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci.

Malam Famasis:
Na Sin ɗin ai shi ma ba ya nuna ƙwai magani ne. A ƙauyukan Sin na wancan lokaci, mai cin ƙwai kullum shi ne mai ɗan hali, mai zuwa asibiti.

Dakta Bakano:
Daidai, kuma wannan hujjar taka ita ce ke cin na Amurka ma. A can ƙwai ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da soyayyen naman alade, da tsiran gwangwani, da bota, da farin burodi, kuma yawan cinsa ya fi a wurin masu shan taba da masu ƙiba. Masana suna ƙoƙarin tace waɗannan da lissafi, amma ba a tacewa sarai. Abu ɗaya ya fito da sharri a ƙasa ɗaya, da alheri a wata, babu komai a ta uku: alama ce tasirinsa ƙarami ne, abokan tafiyarsa ke rinjayar sakamako.

Amma ina tare da Malam Famasis a abu guda. Ƙarami ba ya nufin sifili. Daga gwajin magungunan statin, masu rage kolestarol a jini, mun san rage LDL da 1 mmol/L, wato kusan 39 mg/dL, yana rage haɗari da kimanin kashi 22. Ƙwai ɗaya kullum yana motsa LDL da 0.1 zuwa 0.2 mmol/L ne. Ga lafiyayye ba abin tashin hankali ba ne. Ga wanda aka riga aka sa wa ƙarfen buɗa jijiya a zuciya, wanda muke fafutukar kai LDL ɗinsa ƙasa da 1.4, wannan 0.2 ɗin tana da daraja.

Baban Hanifa:
To masu ciwon suga fa? Su aka fi tsoratarwa.

Dakta Bakano:
Nan ne maganar ba ta zauna ba. Binciken Harvard na 1999 da kansa ya ga ƙarin ciwon zuciya ga masu suga da ke cin ƙwai kullum. Amma da aka yi gwaji kai tsaye a Sidni ta Ostireliya, aka raba masu suga da waɗanda ke dab da kamuwa gida biyu, wasu ƙwai 12 a mako, wasu ƙasa da 2, har shekara guda ba a ga bambanci a kitsen jininsu ba. Sai dai duka ɓangarorin an sa su rage kitse mai daskarewa, kuma jini aka auna, ba a jira an ga wa zai yi bugun zuciya ba. Shawarar da na fi natsuwa da ita ga mai suga: uku zuwa huɗu a mako, dafaffe, ya kuma san lambar LDL ɗinsa. Kuma idan zaɓin safiyarsa tsakanin dafaffen ƙwai biyu ne da rabin burodi da shayi mai sukari cokali uku, ƙwan ya fi masa nesa ba kusa ba.

Maman Sadiq:
Ku zo mu je teburin mai shayi, don can ne yawancin mazanmu ke cin ƙwai. Ya fasa uku a kofin roba, ya yanka albasa da attaruhu, ya murje dunƙule guda, ya ƙara gishiri da yatsa uku, ya kaɗa. Sai ya karkata galan ya kwarara mai a kasko har ƙwan yana iyo. Gefe guda indomi biyu na tafasa, an juye duk ledojin ɗanɗanonta. Burodi an shafe shi da bota ciki da bai, shayi an tuttula madarar gwangwani. Mutum ya tashi da wannan ƙarfe goma na dare ya kwanta, gobe a ce ƙwai ne ya kama shi.

Ga lissafin. Kitse mai daskarewa, wato irin wanda ke yin ƙarfi idan ya huce, shi ya fi ɗaga LDL, domin yana rage ƙofofin da hanta ke kwashe LDL da su daga jini. Ƙwai ɗaya yana da giram 1.6 ne kawai. Babban cokali ɗaya na manja yana da kusan giram 7. Man shanu ya ɗara haka. Man gyaɗa giram 2 da ɗoriya. Cokalin manja ɗaya ke nan ya yi daidai da ƙwai huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 na ƙarfin abincin yini, kamar giram 22 ga babban mutum. Cokali uku na manja a kan shinkafa da wake ya cinye kason yinin.

Wani abin dariya: galan ɗin man girki da aka rubuta wa "babu kolestarol" da manyan baƙi. Babu man tsiro da ke da shi tun asali, har manja da man kwakwa. Rubutun gaskiya ne, amma bai gaya maka komai ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Kuma in ana maganar kolestarol na abinci, ƙwai yaro ne a gaban kayan ciki. Ƙwaƙwalwar saniya ko ta rago tana haura miligiram 2,000 a giram 100, ninkin ƙwai goma ke nan a 'yar loma kaɗan. Hanta da ƙoda suna tsakanin 300 da 400 ko sama. Mai farfesun kai da kayan ciki kowane dare ya bar gwaiduwa don tsoro, ya gudu daga yayyafi ne ya faɗa rafi.

Sannan gishiri. Iyakar yini giram 5 ce, cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. A bayan leda idan ka ga sodiyam, ka ninka sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Dakta Bakano:
Wannan ya fi komai muhimmanci a wurinmu. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka buga a 2018, ya kwatanta mutum sama da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu masu lafiya. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki alhakin wajen kashi 90. Rikicewar kitsen jini na biye amma da tazara mai nisa. Mutumin da awonsa yake 170 bisa 100, ba ya shan magani sai ya ji ciwon kai, yana tsince gwaiduwa yana ajiyewa gefe, ya bar jaki yana dukan taiki.

Anti Nas:
Ina da ƙorafi a kan yadda wannan tsoro ke sauka kan yara. Dama can akwai camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, yanzu an ƙara da na kolestarol. Alhali ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6 cikakke, da bitamin A, D, B12, da sinadarin kolin wajen miligiram 147 wanda ƙwaƙwalwar jariri da ta ɗan tayi ke buƙata, kuma kusan duk waɗannan bitamin a gwaiduwar suke. A Ekwado a 2017 an ba jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 ƙwai ɗaya kullum na wata shida, tsumburewa ta ragu da kashi 47. Da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan ƙarin tsawo ba, don haka ba sihiri ba ne, amma cutarwa ba a gani ba. A yankin da tamowa ke kwantar da yara kowace damina, hana yaro gwaiduwa saboda ciwon ɗan shekara sittin kuskure ne. Daga wata shida a dafa sosai, a murje a kunu ko fate.

Baban Hanifa:
Allah ya saka Anti. To ƙwan zabi, na salwa da na kazar Hausa fa? Ana cewa su ba su da kolestarol.

Maman Sadiq:
Duk mai gwaiduwa yana da shi. Na salwa in aka auna giram da giram ma ya fi na kaza, ƙanƙantarsa ce ke rufa masa asiri: ɗaya wajen miligiram 76, uku sun wuce ƙwan kaza ɗaya. Na agwagwa ya haura 600. Na zabi da na kazar gida ƙanana ne, gwaiduwarsu ta fi ja saboda ganye da ƙwarin da suke kiwo, ba don ta fi sauƙin kitse ba. Launin ɓawo kuma na jinsin kaza ne kawai.

Masu fasa ɗanye a madara ko a lemon malt don ƙarin jini, ku daina. Jiki yana cin moriyar kusan kashi 90 na furotin ɗin dafaffe, na ɗanye rabi kawai, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai kawo zazzaɓi da gudawa. Dafawa minti 9 zuwa 12 bayan ruwa ya tafasa ta isa. Koren zoben da ke fitowa gefen gwaiduwa in an daɗe ana dafawa ba guba ba ne, ƙarfen gwaiduwa ne ya haɗu da sulfa na farin.

Malam Famasis:
Kafin a ce kowa ya ci ɗaya kullum, akwai waɗanda dokar ba ta hau kansu ba. Mutane sun bambanta wajen yadda hanjinsu ke tsotsar kolestarol, daga kashi 20 har 80. An taɓa buga labarin wani dattijo ɗan shekara 88 a Amurka a 1991, yana cin ƙwai 25 kullum, jininsa lafiya lau, domin hanjinsa kashi 18 kawai yake tsotsa. Masu yaɗa wannan labari ba sa faɗin cewa akwai kishiyarsa: wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu jininsa yana amsawa da ƙarfi.

Sai masu gadon hawan kolestarol, kusan mutum ɗaya cikin 250. An haife su da naƙasa a ƙofofin LDL na hanta, waɗanda masana Brown da Goldstein suka gano har suka ci kyautar Nobel a 1985. Alamunsa: LDL sama da 190 mg/dL, uba ko ɗan'uwa da ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko uwa kafin 65, kumburi mai tauri a jijiyar agara ko bayan yatsu, farin zobe a gefen baƙin ido kafin shekara 45. Irin wannan ko ya bar ƙwai har abada bai tsira ba, statin yake buƙata, wani lokaci da ezetimibe mai toshe tsotsar kolestarol a hanji. Kuma a gwada 'ya'yansa, kowanne yana da rabin yiwuwar gada.

Ɗan Damagaram:
Ga yadda mutum zai gane nasa jikin, ba sai an yi ta musu ba. Ka yi gwajin kitsen jini kana cin abincinka yadda ka saba. Sannan ka canja ƙwai kaɗai, ko ka bari ko ka ƙara, mako 4 zuwa 6, kada ka taɓa mai, nama ko magani. Ka koma ɗakin gwaji ɗaya, da safe, bayan awa 9 zuwa 12 ba ci, ruwa kawai.

Inda ake kuskure: LDL yana hawa da sauka da kansa har kusan kashi 10, don haka daga 120 zuwa 126 ba labari ba ne. Kada a gwada ana cikin zazzaɓin cizon sauro, taifot ko bayan tiyata, kolestarol yana faɗuwa a lokacin, a jira mako shida zuwa takwas. Juna biyu yana ɗaga shi. Raunin aikin tayirod, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari su ma suna ɗaga shi, ba ruwansu da abinci. Kuma yawancin ɗakunan gwaji lissafa LDL suke yi ba aunawa ba, lissafin kuma yana rushewa idan tiraigiliseraid, wani nau'in kitsen jini, ya wuce 400 mg/dL.

A kula da ma'auni. A Najeriya za ka ga mmol/L ko mg/dL, a nan Nijar g/L muke rubutawa. LDL 2.6 mmol/L shi ne 100 mg/dL, shi ne 1.0 g/L. Jimillar kolestarol ana son ta ƙasa da 5.2, ko 200, ko 2.0. Takardar Maraɗi in ta je hannun wanda ya saba da ta Katsina, zai ga LDL 1.9 ya ɗauka mmol/L ne ya ce madalla, alhali 190 mg/dL ce.

Baban Hanifa:
Kai, wannan na ƙarshen babba ne. To Dakta, a taƙaice mutum nawa zai ci?

Dakta Bakano:
Matsayar Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta 2019: lafiyayye ɗaya a rana, dattijo mai kolestarol daidai har biyu, saboda buƙatarsa ta furotin. Mai suga, mai LDL sama, ko wanda ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ni nakan tsaya a gwaiduwa uku zuwa huɗu a mako, farin kuma ba iyaka sai in ƙoda ta yi rauni. In za a soya, ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ya isa ƙwai biyu, a cika da tumatir, albasa da alayyafo ko zogale. Wake da kuɓewa suna da zare mai yauƙi da ke kama ruwan matsarmama a hanji, hanta ta jawo LDL daga jini don ta ƙera wani.

Malam Famasis:
Na amince, da sharaɗi ɗaya: "ɗaya a rana" ya haɗa da wanda ke ɓoye a kek, fanke, mayonis da kwaɓin alawar yara. Masu gina jiki da ke shanye takwas ko goma kullum kuma babu wani dogon bincike da ya ba su tabbaci, duk alƙaluman da aka kawo a nan a kan ɗaya ne zuwa biyu.

Anti Nas:
Malam, mai shan statin fa, sai ya bar ƙwai gaba ɗaya? Ana yawan tambaya a layin karɓar magani.

Malam Famasis:
A'a Anti. Atorvastatin, wani nau'in statin, mai miligiram 40 yana sauke LDL da kusan rabi, ƙwai uku a mako ba zai warware wannan ba. Abin da ke warware shi shi ne ajiye maganin da zarar gwaji ya yi kyau, cikin 'yan makonni lambar ta koma inda take. Ya ci gaba da sha, ya sake gwaji bayan mako 6 zuwa 12 da farawa ko canja adadi.